Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya buga mana rigunan BCC Lions

Zuwa ga Manaja,

Bayan gaisuwa. Na rubuto ne a kan rigunan ƙwallo da kamfaninku ya buga mana, waɗanda har yanzu suke ƙulle cikin ledarsu a shagona da ke kasuwar Mile 12. Na sa wasiƙar a fili domin kiran waya da saƙon WhatsApp sun gagara, kuma na ga har yau kuna tallar wannan riga a shafinku yadda take, wasu na saya.

Mu 'yan Gboko ne mazauna Legas, Hausawa da 'yan Tibi, yawancinmu masu sayar da doya da kayan gwari. Da muka ga kuna buga rigunan tsofaffin kulob na Najeriya, muka yi karo-karo muka biya kuɗi gaba ɗaya, rasit na hannuna. Abin da muka ce a rubuta a fili yake: BCC Lions, Gboko, 1990. Da kaya suka iso Agege muka kwance, sai ga shi an rubuta Makurdi a ƙirji, a baya kuma 1991. Dattijon cikinmu, wanda ya yi shekaru yana dakon siminti da mota daga masana'antar siminti ta Gboko, ya ɗaga rigar ya duba, ya ninke ta ya mayar cikin leda, bai ce komai ba.

Kuskure kowa na yi. Abin da ya ɓata mini rai shi ne amsar ma'aikacinku, wanda ya ce mini ai Binuwai Binuwai ce, kuma shekara ɗaya ba wani abu ba ne. Ranka ya daɗe, bari in gaya maka abin da kuke sayarwa, tunda ga alama ba ku bincika ba.

Makurdi babban birnin jiha ne, kuma yana da nasa kulob, Lobi Stars, na gwamnati. Gboko gari ne daban, mazaunin Tor Tiv, wato babban sarkin Tibi, kuma kamfanin siminti na Binuwai ne ya kafa BCC Lions a can a 1982, suna wasa a filin J.S. Tarka. Duk darajar kulob ɗin a nan take. A lokacin da ƙwallon Najeriya ke hannun Legas da Ibadan da Inugu da Benin, wani gari da mutane da yawa ba su iya nuna shi a taswira ba ya fito ya karɓe kofi. A 1989 suka doke Iwuanyanwu Nationale da ci 1-0 suka ɗauki Kofin Ƙalubale, wato kofin ƙasa na Najeriya. Rabon da wata ƙungiya daga Arewa ta ci wannan kofi tun 1953 da Kano ta ci. Jos ta yi ta zuwa wasan ƙarshe tana dawowa hannu rabbana, har mutane suka fara cewa kofin ba ya tsallake kogi. Shi ya sa ranar ba 'yan Tibi kaɗai suka yi murna ba. A unguwarmu ta Hausawa a Gboko har masu shayi sun raba kyauta, direbobin manyan motoci suna ta danna ham har dare.

Shekarar da ta biyo, 1990, ita ce wadda muka ce ku rubuta. A ita ce Shu'aibu Amodu, wanda daga baya ya horar da Super Eagles, Allah ya jiƙansa, ya kai su suka ci kofin Afirka na ƙungiyoyin da suka lashe kofunan ƙasashensu. Sun doke Club Africain ta Tunisiya da ci 4-1 a wasa biyu. Kafin su, Shooting Stars a 1976 da Rangers a 1977 ne kawai suka taɓa kawo wannan kofi Najeriya.

To, 1991 fa da kuka buga mana? A wannan shekara sun sake zuwa wasan ƙarshe, Power Dynamos ta Zambiya ta ƙwace kofin da ci 5-4 a wasa biyu. Ka ga ke nan kun ɗauki shekarar da muka fi jin ciwonta kun liƙa mana a baya, kun kuma ba wani gari sunanmu. Wa zai sa wannan ya shiga cikin 'yan Gboko?

BCC Lions ba su tsaya nan ba. Sun sake cin Kofin Ƙalubale a 1993, a 1994 suka haɗa shi da kofin lig, sannan a 1997 suka doke Katsina United a wasan ƙarshe, ranar da ni kaina zuciyata ta rabu biyu don iyayena daga can suka fito. Irin su Moses Kpakor da Edema Fuludu sun sa rigar nan. Daga nan sai ƙasa. Kulob ɗin da kamfani ke riƙe da shi tare da kamfanin yake tashi, tare suke faɗuwa. Da masana'antar ta shiga matsala a ƙarshen shekarun 1990, albashi ya fara wuya, 'yan wasa suka watse, kulob ya faɗo daga babban lig. An sayar da masana'antar, an ci gaba da yin siminti, amma ƙwallon bai dawo yadda yake ba. Haka aka yi da Leventis United da Abiola Babes, sai dai su masu su ne suka rufe su da hannunsu.

Yau yaron da aka haifa a Agege ya san masu tsaron bayan Arsenal ɗaya bayan ɗaya, amma ka ce masa BCC sai ya zaci sunan gidan rediyo kake nufi. Don irin waɗannan yara muka so rigar, mu sa ranar taronmu su tambaya mu ba su labari. Na yaba muku da kuka yi tunanin farfaɗo da waɗannan sunaye, gaskiya babu mai yi sai ku. Amma wanda zai ci kuɗi da tarihin mutane dole ya san tarihin, ko ya tambayi masu shi. Muna nan a Mile 12, ba mu da wuyar samu.

Abin da muke nema shi ne ku aiko a ɗauki waɗannan riguna da kuɗin motarku, ku sake buga mana da Gboko da 1990 kamar yadda muka rubuta, ko ku mayar mana da kuɗinmu cif. Ku cire hoton rigar daga shafinku har sai kun gyara, ku kuma sanar da waɗanda suka riga suka saya. Ma'aikacin nan ba na so a kore shi, a dai koya masa yadda ake amsa wa abokin ciniki. Idan wata ya ƙare ba mu ji daga gare ku ba, za mu kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya, da rasit da hotuna.

Na gode.

A madadin 'yan Gboko mazauna Agege da Mile 12, Legas