Kafin ka sayi keke mai shakazoba gaba da baya, fara kai shi tudu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan abin da wani zai ce bai kai a ɓata takarda ba, wato keke. Ni bakanike ne a Magazin ta Suame, unguwar masu gyaran motoci a nan Kumasi, shekara ashirin da ɗoriya ina kwance ƙarƙashin motocin mutane ina canza musu shakazoba da boris, gidana kuma yana Aboabo. Likita ne ya ɗora ni a kan keke, ranar da ya auna jinina ya ce ko in rage tumbi ko tumbi ya rage mini kwana.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne ɗan ƙanwata. Makon jiya ya same ni ina karyawa da koko da ƙose, ya miƙo mini waya ya ce, "Kawu, dubi wannan, sifirin gaba da baya, ko rami ka faɗa ba za ka ji ba." Na duba hoton, sai na ga kamar an tono mini wautata ta shekarun baya. Na san ba shi kaɗai ba ne. Samarin zango da yawa yanzu suna tara kuɗi don irin wannan keken na daji, kuma idonsu a kan girman sifirin yake, ba mai tambayar yadda keken zai yi idan hanya ta miƙe tsaye.

Nawa na farko cikin kayan hom-yus, wato gwanjon da ake kawowa daga ƙasashen waje, na saye shi, a wurin wani mai shago da ba sai na kama suna ba. Ja ne, da ƙaton sifirin a tsakiya, an manna masa takardu masu ƙyalli ko'ina. A cikin gari ya yi mini daɗi, domin duk ramin da na taka sai in ji kamar a katifa nake. Wata Lahadi bayan sallar asuba muka ɗauki hanyar tafkin Bosomtwe ni da abokai biyu, ta Atonsu da Aputuogya har Kuntanase, daga nan muka gangara Abono. Wanda bai san wurin ba, tafkin yana da nisan kamar kilomita 30 daga Kumasi, kuma yana zaune ne a cikin wani ƙaton rami da dutsen da ya faɗo daga sama ya haƙa sama da shekara miliyan ɗaya da ta wuce. Duwatsu sun kewaye shi kamar bakin ƙwarya. Don haka zuwa gangara ce zalla, iska na kaɗa ka kana murna. Muka ci soyayyen kifi, muka kalli masunta suna zaune a kan gungumen katako suna tuƙi da hannu. Sai lokacin komawa ya yi. A nan na gane abin da ake nufi da tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba.

Duk taka feda ɗaya sai bayan keken ya durƙusa ya miƙe, ya durƙusa ya miƙe. Ƙarfin da ya kamata ya tafi taya sai ya ƙare a danne sifirin. Na sauko da giya har ta ƙare, ban ji wani sauƙi ba. Da na tashi tsaye in taka, sai abin ya ƙara muni, kamar ina daka a turmi. Kafin kwana ta uku na sauka na fara turawa. Wata tsohuwa ɗauke da daron ayaba a ka ta cim mini, ta dube ni ta dubi keken, ta ce da yaren Asante, "Kramo, kafra," wato "Malam, sannu," ta wuce ni a ƙafa. Da na dawo shago na rataye shi a sikelin da muke auna tsohon ƙarfe: kilo 19.

Abin kunyar shi ne ni ne ya kamata in fi kowa sani. Kowane yaron shago ya san motar da shakazobarta ta mutu, in ta haye tudun rage gudu sai ta yi ta rawa har gaba. Sifirin shi kaɗai tsalle yake yi, man da ke cikin shakazoba shi ke ladabtar da shi. Irin waɗannan kekunan masu araha sifirin ne tsirara, abin da ke tsakiyarsa ado ne kawai, ba mai a ciki. Gwajin ba wuya. Ka danne sirdi da ƙirjinka ka saki. In ya harbo ka kamar jaki ya sake yin tsalle, ka yi wa mai shago sallama. Na ƙwarai yana dawowa ne a natse, sau ɗaya, ya tsaya.

To amma ko a cikin na ƙwarai akwai mai hawa akwai malalaci, kuma a nan ne nake so masu karatu su ba ni aron kunne. Masu ƙera keken kirki suna lissafa inda za su sa mahaɗar da bayan keke ke juyawa a kanta, yadda jan da sarƙa ke yi lokacin da kake takawa zai riƙe bayan ya hana shi durƙusawa. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa wa nasa tsarin: Specialized suna da FSR, Santa Cruz suna da VPP, Giant suna da Maestro. Kada sunayen su ruɗe ka, ni ma da nake cin abinci da sifana ban taɓa gane mai kyau daga suna ba. Ka nemi hawa mafi kusa da shagon, Kumasi ba ta rasa tudu ba, ka zauna a sirdi ka taka a hankali kana leƙen shakazobar da ke tsakanin ƙafafunka. In ɗan motsi take yi kamar numfashin mai barci, lafiya lau. In tana shiga tana fita da kowane taki, a Abono za ka sauka ka tura. Mai shagon da ya hana ka wannan gwajin ya riga ya ba ka amsa.

Sai tsawon shigar shakazoba, wanda samari ke alfahari da shi. Keken tseren daji yana shiga milimita 100 zuwa 120. Na yawon daji na yau da kullum 130 zuwa 150. Daga 160 zuwa sama an yi su ne don masu faɗowa daga kan dutse, masu 200 kuwa a ƙasashen Turai mota ko keken igiya, wato akwatin da ke rataye a waya yana hawa dutse, ke kai su sama, su aikinsu saukowa kawai. Wa zai kai ka saman Bosomtwe da keken igiya? Ga hanyoyinmu na gonakin koko da jar ƙasa, ni a ganina 120 ko 130 ya ishi kowa, abin da ya haura haka nauyi ne kake biya wa kuɗi.

Giya kuwa da yatsa ake saye, a ƙirga haƙora. Ka ƙirga na ƙaramin faifan gaba, ka ƙirga na babban faifan baya. Nawa na farko 28 ne a gaba 28 a baya, wato feda ta juya sau ɗaya taya ta juya sau ɗaya, wannan a hawa mai tsanani kisa ne. Kekunan zamani suna zuwa da faifai ɗaya a gaba, mai haƙora 30 ko 32, da goma sha biyu a baya. Kamfanin SRAM ne ya fito da irinsa a 2016 da babban faifai mai 50, na kamfanin Shimano kuma yana kai 51. Yana da kyau, amma bari in faɗa wa yaranmu abin da mai sayarwa ba zai faɗa ba: tsohon tsari mai faifai uku a gaba, 22 a ƙarami da 34 ko 36 a baya, sauƙinsa a tudu kusan ɗaya ne da na zamanin. Kuma sarƙarsa tana samuwa a gari da kuɗi kaɗan. Wanda za ka guje wa shi ne wanda aka cire masa faifan gaba biyu aka bar ɗaya babba don ya yi kama da sabon yayi, alhali bayan bai wuce 34 ba.

Akwai kuma zama. A tsofaffin kekuna bututun da ke riƙe sirdi yana kishingiɗa baya, digiri 72 ko 73, sai ka ga a hawa mai tsayi tayar gaba tana ɗagawa kamar dokin da aka ja wa linzami, kai kuma kana ta kokawa da kan keke. Na yanzu sun miƙar da shi zuwa 76 har 78, mai hawa yana zaune kusan a saman feda. In tsoho ka samu, ka kwance sirdin ka tura shi gaba iyakar layin da aka zana a ƙarfensa, ka ɗan sunkuyar da hancinsa kaɗan. Kyauta ne, kuma za ka ji bambanci.

Kada a ce na kushe shakazobar baya gaba ɗaya. A kan kwalta, keke mai sandararren baya, wato marar shakazoba a baya, ya fi shi hawa, wannan ba gardama. Amma ka shiga hanyar gona bayan ruwan sama ya zaizaye ta, ga saiwoyi ga tsakuwa ga kwazazzabai, sai ka ga mai sandararren baya tayarsa tana tsalle tana sulɓewa, ya tsaya ya sa ƙafa, mai shakazoba kuwa tayarsa na manne da ƙasa yana tafiya abinsa. Shi ya sa na ƙwarai ke da ɗan makunni a jikin shakazobar: ka kulle a kwalta, ka buɗe a burji. Ka gwada makunnin a gaban mai shago. A cikin hom-yus na sha taɓa wanda makunnin ke juyawa amma ba abin da yake kullewa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, kuma shi ne ainihin abin da ya dame ni. Shakazobar keken kirki yawanci ta iska ce, ana daidaita ta da nauyin mai hawa. Ka zauna a kai, ta nutse kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na tsawonta, akwai ɗan zoben roba a jikinta da ke nuna maka. In ta nutse fiye da haka, keken da aka ƙera don hawa ma zai zama malalaci. Bakin hurawarta iri ɗaya ne da na tayar mota, shi ya sa mutane ke kai ta wurin mai faci. Ba ta yi. Tana da famfonta na musamman, ɗan siriri, mai kai matsi har psi 300 a ma'aunin iska, domin iskar da take ci kaɗan ce amma da ƙarfi. Bayan haka tana son wanki da sabon mai da sababbin robobi. A cikin masu ƙera ta, RockShox suna cewa a buɗe a share duk bayan awa 50 na hawa, Fox kuma suna cewa a yi babban gyara duk awa 125 ko sau ɗaya a shekara. Wannan lissafin ƙasarsu ne. Su zo su ga ƙurar hunturu a hanyar Kuntanase, wadda ke shiga har cikin haƙorin mutum. Keken da ya yi shekara goma a garejin wani Bature sannan ya sha wata guda a kwantena zuwa tashar jirgin ruwa ta Tema, wa ya san ranar da aka buɗe shi ta ƙarshe?

Boris ɗin mahaɗa bai ba ni tsoro, yawancinsu suna da lamba a jiki, kuma abin da ke da lamba ba ya gagarar Magazin. Ka dai ɗaga sirdi a hankali ka saurara, in ka ji ƙas-ƙas akwai lasa, ka rage farashi. Ka duba walda a gefen mahaɗa da fitilar waya, domin firam ɗin alminiyam in ya tsage ba kowane mai walda ke iya masa ba, ko an like ma sau da yawa gefen ɗinkin yake sake buɗewa. Amma shakazoba in ta mutu, sai ka auna tsawonta daga ido zuwa ido ka nemi daidai ita, wasu kamfanonin kuma sun yi tasu ta daban wadda ba ta shiga keken kowa. Akwai abokina da kekensa mai tsada ya yi wata bakwai a jingine a ɗaki saboda robar da ba ta kai girman zoben yatsa ba, sai da wani ɗan'uwa ya zo hutu daga Jamus ya riƙo masa. Taya ma haka: mai inci 29 ta fi haye duwatsu, amma mai 26 ce za ka samu a kowane lungu in ta fashe maka.

Wanda nake hawa yanzu shi ma hom-yus ne, mai 120, kilo 13 da ɗan kai, kuma sai da na je shagon sau uku da famfona a aljihu kafin in biya. Da shi nake fita daga Abono a zaune, ina huci dai, amma ban sauka ba.

Ɗan ƙanwata kuwa na tambaye shi nawa ya tara. Da ya faɗa, na ce masa kuɗin nan ba su kai mai shakazoba biyu na gaske ba, amma sun kai mai sandararren baya mai kyau da giya mai sauƙi, har ya yi ragowar sayen hular kwano. Ya ɓata rai, ya ce abokansa za su ce keken tsofaffi ya saya. Na ce ya zo Lahadi mu je tafki, ya ari keken wani abokinsa mai ƙaton sifirin, in ya fito da shi daga Abono ba tare da ya sa ƙafa a ƙasa ba, ni zan cika masa kuɗin.

Roƙona na ƙarshe ga 'yan'uwanmu masu loda kwantena daga Turai da Amurka, waɗanda na san da yawansu suna karanta wannan jarida: in kun sa keke ashirin masu shakazoba, don Allah ku jefa famfonta ko da biyar ne a kwali, da robobin gyara da ɗan mai. Ba za su ci muku wuri ba, kuma ni ne farkon mai saye.

Wassalam.

Naku,
Wani bakanike mai karatu,
Aboabo, Kumasi