Takardar Koke Kan Gina Katangar Kare Gidajen Bakin Teku

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,
Ta hannun Mai Girma Hakimi.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu mazauna unguwannin bakin teku, masu gidaje da 'yan haya da masunta, mun kawo kukanmu kan zaizayar ƙasa da ke cinye mana gaɓa. Duk daren da ruwa ya cika ya haɗu da iska, sai an wayi gari wani ya rasa katanga ko ɗaki. Akwai gidajen da harsashinsu ya fito fili, rodi ya yi tsatsa, ƙarƙashin daɓe rami ne, amma iyali na kwana a kai don ba su da wurin zuwa.

Masu hali a cikinmu sun gina katangar kankare, kowa a gaban gidansa. Ba mu ga laifinsu ba, kowa dukiyarsa yake karewa. Sai dai igiyar ruwa idan ta bugi katangar da ke tsaye ƙiƙam, komawa take yi da ƙarfinta, tana kwashe yashin da ke gindi har katangar ta fara rusunawa. A inda katangar ta ƙare kuma, sai ruwan ya zagaya ya ci filin maƙwabci, wanda sau da yawa buhunan yashi da tsofaffin tayoyi kawai yake iya jerawa. Wannan ya fara haɗa maƙwabta faɗa, har wasu sun daina gaisawa.

Saboda haka muke roƙon a yi katanga guda ɗaya doguwa wadda za ta haɗe gaɓar baki ɗaya, injiniyoyin da suka san aikin teku su auna su zana ta kafin a ba ɗan kwangila. A nutsa harsashinta ƙasa sosai, a jibge manyan duwatsu a gabanta su karya ƙarfin ruwa, a kuma bar ramukan da ruwan sama zai riƙa tsiyayewa, domin ruwan da ya taru a bayan katanga shi ma yana ture ta. Masunta na roƙon a bar musu gangaren jawo kwale-kwale.

Ranka ya daɗe, muna jaddada batun awo ne don an ga abin da rashinsa ya jawo. A Saint-Louis ta ƙasar Senegal, a 2003, an yi gaggawar yanka mashigar ruwa mai faɗin mita 4 a zirin yashin da ke kare birnin, don a rage ambaliya. Mashigar ta yi ta buɗewa har ta kai kilomitoci, ta tashi ƙauye guda. A Legas kuwa, shingayen duwatsun da aka gina a bakin tashar jiragen ruwa tsakanin 1908 da 1912 sun tare yashin da ke gangarowa daga yamma, gaɓar Bar Beach ta shafe shekaru tana zaizayewa.

Akwai kuma masu ɗibar yashi. Tifa-tifa suke kwasa a bakin ruwa, wani lokaci da daddare. Ko an gina katanga, muddin ana kwashe yashin da ke gabanta, ba za ta daɗe ba. Muna roƙon a hana wannan tun yanzu, tunda shi ba ya jiran kasafin kuɗi.

Mun san aikin ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma ita kaɗai. Muna fatan za ka miƙa kukanmu ga ma'aikatar muhalli da sauran hukumomin da abin ya shafa, ka kuma turo jami'ai su gane wa idonsu kafin damina ta kankama. Mun naɗa wakilan da za su zagaya da su gida-gida, kuma sa hannunmu na haɗe da wannan takarda.

Allah ya ƙara girma, ya taya ka riƙo.

Mu ne naku,
Mazauna Unguwannin Bakin Teku