Zuwa ga iyayen yara: maganar littattafan nan dai

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara, ya sanyi ya ƙoƙari.

Maganar da ta fi damuna wannan zangon ita ce littattafan karatu na ’yan aji 1 zuwa 3. Ranar Litinin na zaga ajujuwa na ce kowa ya ɗaga nasa, wallahi abin da na gani bai min daɗi ba, wani babu bango, wani duk maiƙo alamar an naɗe ƙosai da shi, wani kuma yaro ya ce Baba ya kulle a akwati wai kar ya lalace. To Alhaji, littafin da ke cikin akwati me zai koya wa yaro?

Manhajar NERDC (hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa) da muke bi abu huɗu take nema a darasin harshe, sauraro da magana da karatu da rubutu, kuma biyun farko a gida suka fi samuwa. Shi ya sa kusan kowane labari a littafin akwai hoto da tambayoyi a ƙasa, don yaro ya buɗe baki ya faɗi abin da ya gane. Muna da yara masu haddace shafi guda amma ka ce su ba ka labarin da bakinsu sai su sunkuyar da kai.

Iyaye mata na san wasunku za su ce ai ni ban yi boko ba. Ba sai kin iya ba. Bayan sallar isha’i ki zaunar da shi minti 10 ya karanta da ƙarfi, ki tambaye shi wa ya yi me, me ya sa, kamar dai yadda ake yi in an gama tatsuniya. In ya yi kuskure kar yayyensa su yi masa dariya, abin da ke kashe musu baki kenan.

Dole in yaba wa malamarmu ta aji 2, kun san ta, kullum sai yara biyu sun fito gaban allo sun yi hirar da ke cikin darasi, har ’yar da ba a taɓa jin muryarta ba yanzu ita ke jan baitin asambuli. Allah ya saka mata. Sauran malamai na yi magana da su a ofis.

A sa wa littafi riga da takardar siminti ko tsohuwar kalanda kafin Juma’a, zan sake dubawa da kaina.

Masu makara, ƙarfe 8 ake rufe get. Rigar sanyi a saka ta a ƙarƙashin yunifom. Taron PTA Asabar da safe, iyaye maza don Allah a daina turo wakili.

Naku,
Hedimasta