Amsa ga Malamin da Ya Tambaye Ni Ko Zan Bar Ɗana Ya Yi Koyi da Ɗan Fim

Malam, assalamu alaikum.

Na ga tambayar da ka jefo mini a shafinka na Facebook, bayan na faɗa a rediyo cewa matashi zai iya gyara halinsa ta hanyar aro daga jarumin labari. Ka ce: shin zan yarda ɗana ya ɗauki ɗan fim abin koyi, ko kuwa 'ya'yan talakawa nake tura wa wannan shawara don furodusoshi sun cika mini aljihu? Kana da lambar wayata, amma ka zaɓi bainar jama'a. To, amsar ma bari ta zo nan.

Zancen aljihun shi ne ya fi yi mini ciwo, da shi zan fara. Wanda furodusa ya saya ba ya tona yadda ake haɗa fim, ni kuwa shi nake koyarwa. Gidan da ake nunawa na Alhaji ne, haya ce ta yini ɗaya ko biyu. Motar aro ce, sau da yawa har da babbar rigar. Muryar da ke rera waƙa ta mawaƙi ce da ya yi ta a situdiyo, jarumin baki kawai yake motsawa. Amsar nan mai kaifi da ya ba uban budurwa ba tare da inda-inda ba, marubuci ne ya kwana yana goge ta, aka ɗauka sau biyar ko goma, mai haɗa hoto ya zaɓi wadda ta fi kyau. Shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo, saboda haka wahalar shekara goma sai a dunƙule ta cikin minti biyu, a sa mata kiɗa. Yaron da ya san wannan ba zai ci bashi don ya yi shiga irin ta jarumi ba. Faɗa mini furodusan da zai biya ni in koya masa haka.

Ka ce Manzon Allah (SAW) ne abin koyi. Babu wanda ya yi musu, kuma ka san ban yi ba. Ka kawo zancen ne don masu yi maka tafi a ƙasan rubutu.

Sannan ban ce a yi koyi da ɗan wasa ba. Ɗan wasa mutum ne kamar kowa, yana da nasa kurakuran. Na yi magana ne a kan halin da aka rubuta a labari, kuma aro daga irinsa ya girme ni da kai. Waɗanda suka karanta Gandoki da Iliya Ɗanmaiƙarfi a firamare sun yi ta kirari da su a filin wasa. Tun wajajen 1960 sinimun Kwarori, wato 'yan Labanon, suke nuna fina-finan Indiya a Kano, har Kanawa suka laƙaba wa Dharmendra Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Aka zo zamanin Samanja, sannan fim ɗin Turmin Danya ya buɗe ƙofar fim ɗin bidiyo a 1990. Yau abin yana cikin wayar kowane yaro. Ko mun yarda ko mun ƙi, aron ana yin sa; abin da ya rage mana shi ne mu koya wa yaro abin da zai ɗauka.

Akwai binciken da ya tsaya wa maganata. A Amurka, Rachel White da abokan aikinta sun ba yara 'yan shekara 4 da 6 wani aiki mai gundura na minti goma a kwamfuta, ga kuma wasa an ajiye musu a gefe. Waɗanda aka ce su ɗauki kansu wani gwarzo irin Batman sun fi daɗewa a kan aikin. Dalili shi ne, mai tambayar kansa "me wane zai yi a nan?" yakan ɗan ja da baya daga gajiyarsa da fushinsa.

Ga yadda ake yi, tunda ba ka tsaya ka saurari shirin ya ƙare ba. Hali ɗaya tak ake ɗauka, ba mutum ɗungurungum ba. Kuma sai an mai da shi aikin da ido zai gani. "Ina so in zama mai kwarjini" ba ya kai kowa ko'ina. "Idan aka zage ni zan yi shiru in ja numfashi uku kafin in amsa" shi ne abin da za a iya gwadawa. A zaɓi wuri ɗaya, a ce shagon da yaro yake koyon ɗinki, a yi mako biyu ana gwadawa, sannan a tambayi wanda ya san shi tun da can, mahaifiya ko maigidansa, ko ya ga bambanci. Kafin duk wannan a auna halin da addini da tarbiyyar gida. In ya saɓa, a bar shi nan.

Inda abin yake lalacewa sananne ne. Yaro ya fi saurin ɗaukar abin da ya fi araha: aski, tafiya, kalmar da jarumi ke yawan faɗa. Mugun cikin fim kuma shi ake ba zance mafi daɗi, don marubuci na son mai kallo ya ji tsoronsa. Hukuncinsa sai a minti biyar na ƙarshe, bayan yaro ya gama haddace taƙamarsa. Yarinya ta ga farar fatar da fitila da kwalliya suka ƙara wa haske, ta nufi man bilicin. Amarya ta shiga ɗaki tana jiran kalaman da mutum uku suka zauna suka rubuta, ta tarar da miji ya dawo kasuwa a gajiye. Duk wannan koyi ne ba tare da jagora ba, kuma hana kallo bai taɓa maganinsa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi ya wuce ni da kai. A 2016 gwamnatin tarayya ta yi shirin gina ƙauyen fim a garin Kofa da ke jihar Kano, da wurin horar da masu sana'ar. Aka yi ta hayaniya har aka janye. Ban ce duk wanda ya ƙi shirin ba shi da hujja ba, amma yawancin masu kukan fim ya rasa tarbiyya yau, su ne suka ƙi a gina inda za a koyar da marubuta. Hukumar tace fina-finai ta Kano tana nan tun 2001, sai dai almakashi yanka yake yi, ba ya rubuta labari mai kyau.

Ɗana kuwa, eh, zan bar shi, ina zaune kusa da shi muna kallo, ina tambayarsa me ya ɗauka. Kuma yadda ka zayyano abin da ya faru a zangon ƙarshe na fim mai dogon zango da kake suka, fage bayan fage, ya nuna ba labari aka ba ka ba. Da wa kake zama kake kallo, Malam, naka yaran kuma wa ke zama da su?

Wassalam.