Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Masu Hawan Keken Titi, Bauchi

Assalamu alaikum. Iyayen ƙungiya, yayyenmu da ƙannenmu mambobi, kwamitin gudanarwa na gabatar muku da bayanin yadda shekarar nan ta gudana. Lissafin kuɗin shiga da na kashewa yana cikin takardar ma'aji, shi zai karanta ta a zauren taro. Wannan rahoto ya tsaya ne a kan hanya, kayan keke da atisaye.

Fitar mako-mako

Tsarin fita bai canja ba. Ranar Asabar ake dogon zango, ana tashi daga shataletalen Wunti da zarar gari ya yi haske bayan sallar asuba, Talata da Alhamis kuma gajeren atisaye ne. An fi bin hanyar Dass ta Yelwa da Bayara, sai hanyar Jos ta Miri zuwa wajajen Zaranda, wadda muke ajiyewa don koyon hawa, tunda daga Bauchi mai tsayin kusan mita 600 hanyar ta nufi Jos ne mai tsayin mita 1,200 da 'yan kai. Hanyar Gombe ta Inkil da Kangere mun rage bin ta da sassafe. Gabas ta nufa, kuma lokacin da rana ke fitowa direban da ke tahowa ta bayanmu hasken na dukan idonsa, bai cika ganin mai keke a gefen kwalta ba sai ya zo dab. Duk ranar da aka bi ta, an wajabta jar fitilar baya mai ƙyaftawa ko da gari ya waye tangaran.

Azumi ya faɗo a watan Maris, bazara na kunno kai, don haka aka dakatar da dogon zango. Wanda ya ga zai iya ya yi juyi mai sauƙi na minti 40 zuwa awa ɗaya gab da shan ruwa. Ranar 3 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2018 a matsayin Ranar Keke ta Duniya, an yi zagayen cikin gari a hankali tare da yara da masu kekunan kasuwa.

Sarƙa, wadda ta fi komai cin kuɗin mambobi

Gyaran da aka fi kawowa zaman duba kekuna na ƙarshen wata shi ne sarƙa mai tsalle a kan haƙoran baya, kuma kusan kullum sanadin ɗaya ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ba ta barin komai, mutum kuma ya ji sarƙa na ƙara sai ya tsiyaya mata baƙin mai na inji. Man nan yana da danƙo, yana kama ƙura, su haɗu su riƙa cin fil-fil ɗin sarƙar kamar dutsen niƙa. Sarƙar sai ta ƙara tsawo, ta daina zama daidai a tsakanin haƙora, ta shiga cinye su. Idan aka makara, sabuwar sarƙa ba za ta zauna a kan tsofaffin haƙoran ba, dole a sayi duka biyun, wani lokaci har da farantin gaba.

Awon ba ya buƙatar wani kayan aiki mai tsada. Tsakanin kowane fil da na kusa da shi milimita 12.7 ne, wato rabin inci. A ɗaure sarƙa ta miƙe, a ɗora rula a tsakiyar fil ɗaya, a ƙirga 24 gaba. A sabuwar sarƙa zai faɗi a kan inci 12 cif, milimita 304.8. Mai keke mai giya 11 ko 12 a baya ya canja sarƙa idan awon ya kai 306.3, mai giya 8 ko 9 yana da sarari har zuwa wajen 307. Ƙungiya ta sayi ƙarfen awon sarƙa guda, yana hannun mai kula da kaya, kowa na iya nema.

Wanki kuwa ga yadda muka koyar: a goge da tsumma bayan kowace fita, a wanke da kananzir da tsohon buroshin haƙori idan ta yi baƙi, a bari ta bushe sarai, sannan a ɗiga man sarƙa ɗigo ɗaya a kan kowace gaɓa ta ciki. A juya feda baya na ɗan lokaci, a goge duk man da ya rage a waje. Aikin mai a cikin gaɓa yake, wanda ke waje ƙura kawai yake kira. Da rani mai marar danƙo ya fi, da damina a koma mai kauri saboda ruwa na wanke na farkon. A kuma kula wajen saye: sarƙar giya 8 ta fi ta giya 11 kauri, ba a musanya su, kome mai shago zai ce.

Taya da iska

Akwai masu ganin lambar da aka rubuta a gefen taya ita ce iskar da ake so a sa. Iyaka ce, ba a so a wuce ta. Taya da aka cika ta yi tauri tana tsalle a kan kwaltar da ta farfashe, ba ta kama ƙasa a kwana, tana kuma gajiyar da hannu da ƙugu. Ga mai nauyin kilo 70, taya mai faɗin milimita 25 tana son psi (ma'aunin ƙarfin iska) 80 zuwa 90, mai faɗin 28 kuma 70 zuwa 75, ta gaba ta ɗan gaza ta baya. Wanda ya fi nauyi ya ƙara kaɗan. Idan kuma iskar ta yi ƙasa da yawa, da an faɗa rami rim zai matse tub ya huda shi wuri biyu a jere. Duk wanda ya ciro tub ya ga huji biyu kusa da juna, ba ƙaya ba ce, iska ce ta gaza. Kwamiti na ba da shawarar duk wanda firam ɗinsa zai ɗauki taya 28 ya koma kanta idan ta yanzu ta ƙare. Wanda ya canja kada ya manta ya gyara lambar zagayen taya a na'urar gudu, daga milimita 2105 zuwa 2136, in ba haka ba nisan da za ta nuna masa zai gaza na gaskiya.

Ƙayar tsidau ita ce abokiyar gabarmu bayan damina. A gefen hanya take, inda ake sauka shan ruwa, don haka a ɗaga keke a ajiye maimakon a gangara da shi cikin ciyawa. In an yi faci, a zagaya cikin tayar da yatsa a hankali kafin a sa sabon tub, domin kan ƙayar na karyewa ya maƙale, ya sake huda sabon tun ba a yi nisa ba. Wani abin da ya sha tsayar da ayari shi ne bawul. Kekunanmu siririn bawul ne da su, irin Presta, injin mai faci na bakin titi kuwa na bawul ɗin mota da babur ne. Ɗan ƙaramin ƙarfen da ke haɗa su bai kai kan yatsa ba, ya kamata ya zauna a jakar sirdin kowa tare da tub biyu, sholisho da faci, robar cire taya, ƙaramin famfo da alanki mai lamba 4, 5 da 6.

Kekunan gwanjo da giyar hawa

Yawancin kekunan gwanjo da sababbin mambobi ke shigowa da su suna da farantin gaba mai haƙora 53 da 39, haƙoran baya kuma 11 zuwa 25. Giyar 'yan tsere ce. A kan tudu, idan ana tafiyar kilomita 12 a awa, mai 39 da 25 yana juya feda sau 61 ne kawai a minti, yana dannawa da ƙarfin gwiwa. Mai 34 a gaba da 28 a baya, a wannan gudun dai, yana juyi 78. Bambancin ke nan tsakanin wanda ya isa saman tudu yana magana da wanda ya dawo gida da ciwon gwiwa. Mafi sauƙin gyara shi ne canja haƙoran baya zuwa 11-28, kuma yawancin na'urorin canja giya na ɗauka, amma 11-32 na bukatar mai doguwar ƙafa da ƙarin tsawon sarƙa.

Feda ta hagu zarenta a juye yake, hagu ake murɗa ta ta ɗaure. An lalata hannun feda fiye da ɗaya bana wajen masu gyaran da suka saba da ƙarfi. Haka ƙusoshin kan keke, galibi 5 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) aka rubuta a jikinsu, ɗaurin ɗan alanki ne da yatsu, ba a sa masa bututu. Wanda zai sa keke a mota ya kwantar da shi ta hagu, don ƙarfen da ke riƙe na'urar giyar baya yana lanƙwashewa da sauƙi, daga nan giya ba za ta sake saituwa ba.

An kuma auna wa mambobi tsayin sirdi. Ana auna tsawon ƙafa ta ciki daga ƙasa, ba takalmi, a ninka da 0.883, abin da ya fito shi ne nisa daga tsakiyar gindin hannun feda zuwa saman sirdi. Mai santimita 82 zai samu 72.4. Mafari ne kawai. Ciwo a gaban gwiwa yawanci sirdi ya yi ƙasa, ciwo a bayanta ya yi sama, a gyara da milimita 3 zuwa 5 a lokaci guda a gwada mako ɗaya.

Lambobin atisaye

Tun da mambobi suka fara sa tafiyarsu a manhajar Strava, matsakaicin gudu ya zama abin gasa a dandalin WhatsApp na ƙungiya. A ganin kwamiti wannan lamba ita ce mafi ƙarancin amfani a cikin duk abin da waya ke nunawa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Wanda ya nufi Dass tana tura shi, ya ga gudu ya hau ya ɗauka ƙarfi ne ya ƙaru, sai a dawowa ya gane kurensa. Wanda kuma ya laɓe a bayan tayar wani cikin ayari yana rage kusan kashi 30 cikin 100 na wahalar da na gaba ke sha. Gudun ranar Asabar da na ranar Talata ba a gwada su da juna.

Abubuwa uku muka roƙi kowa ya riƙa rubutawa. Na farko juyin feda: a ƙirga hawan gwiwar dama na daƙiƙa 15 a ninka da 4, a shimfiɗaɗɗiyar hanya ana son 80 zuwa 95. Na biyu bugun zuciya da farkawa, kafin a tashi daga shimfiɗa. Idan ya haura abin da mutum ya saba gani da 7 zuwa 10, jiki bai huta ba ko zazzaɓi na tafe, ranar ba ta atisaye mai zafi ba ce. Na uku awannin da aka yi a kan keke a mako, waɗanda bai kamata su ƙaru da fiye da kashi 10 cikin 100 daga mako zuwa mako ba.

Babban kuskuren da muka gani shi ne kowace fita a yi ta da zafi-zafi, ba mai sauƙi ba, ba kuma mai tsanani sosai ba. Mutum ya gaji kullum, ƙarfi bai ƙaru ba. Mafi yawan tafiya, musamman ta Asabar, ana so ta zama a matakin da za ka iya yi wa na kusa da kai cikakkiyar magana ba tare da haki ya katse ka ba, wajen kashi 60 zuwa 75 cikin 100 na ƙololuwar bugun zuciyarka. Ranar Alhamis ce ta wahala: ɗumama jiki minti 15, sai minti 4 da ƙarfi, minti 4 a sassauta, sau huɗu ko biyar. Lissafin nan na cire shekarunka daga 220 don gano ƙololuwar bugun zuciya kintace ne, yana iya kaucewa da bugu goma ko fiye. Kuma a zafin Afrilu bugun zuciya na ci gaba da hawa ko ba a ƙara ƙarfi ba, saboda jiki na tura jini fata don ya huce. 'Yan kaɗan da ke da na'urar auna ƙarfin feda sun yi gwajin minti 20, aka ɗauki kashi 95 cikin 100 na matsakaicin wat, wato ma'aunin ƙarfin da suka fitar, aka tsara musu matakai a kai. Dattawanmu da masu hawan jini ko ciwon suga, a ga likita kafin a shiga layin Alhamis.

Ruwa da guzuri

Ledar ruwa ɗaya rabin lita ce. Ana bukatar ɗaya zuwa ɗaya da rabi a kowace awa, da bazara fiye da haka. Hunturu ya fi yaudara, domin gumi na bushewa nan take, mutum ba ya jin ya yi. Wanda ke son sanin nasa ya hau sikeli kafin fita da bayan dawowa, kowane kilo da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Mai kilo 70 da ya rasa fiye da 1.4 ya yi sakaci da sha. A doguwar tafiya gora ɗaya ta zama ta ruwan gishiri da suga na ORS, a haɗa yadda aka rubuta a jikin ledar. Tafiyar da ta wuce minti 90 kuma tana son giram 30 zuwa 60 na kabohaidiret, sinadarin abinci mai ba da ƙarfi, a awa. Ayaba matsakaiciya na da kusan 25, sai a cika da dabino. Masa da miya a bari sai an dawo gari.

Tafiya cikin ayari, da abin da ke gaba

Faɗuwar da aka samu bana, Allah Ya taƙaita, duk a cikin ayari ne, kuma daga abu biyu: tayar gaba ta shiga gefen tayar bayan wani, ko na gaba ya kauce wa rami bai nuna ba. Doka ita ce na gaba ya nuna da hannu ya kuma faɗa da baki, saƙon ya bi layi har na ƙarshe. A cikin gari layi ɗaya ake yi, a bar tazara daga 'yan acaɓa da Keke Napep da ke tsayawa ba sigina. Idan tirela ta wuce a riƙe kan keke da kyau, iskarta na jan mutum zuwa tsakiyar titi. Hular kwano da ta taɓa bugun ƙasa ta gama aiki ko ba a ga tsagewa ba, don soson cikinta sau ɗaya yake shanye duka.

Daga Janairu ba za a tashi da wanda ba shi da hular kwano da fitilar baya ba, kuma za a raba fitar Asabar gida biyu, masu sauri da masu koyo, kowane rukuni da mai tsaron baya da ke ɗauke da famfo da akwatin taimakon gaggawa. Zaman duba kekuna zai ci gaba a Lahadin ƙarshe ta kowane wata, a zo da keke a wanke. Masu bashin kuɗin wata su ga ma'aji kafin a shiga zaɓen sabon kwamiti, domin sai wanda ya biya ne zai kaɗa ƙuri'a.

Wassalam.
Kwamitin Gudanarwa, Bauchi