Rahoton Ayyukan Shekara: Inda Aka Kwana a Aikin Kiwon Sauro

Assalamu alaikum, 'yan uwa membobi masu girma.

Kwamitin zartarwa yana gabatar muku da bayanin ayyukan ƙungiya na shekarar da ta ƙare, kuma mafi yawansa ya shafi ɗakin kiwon sauro, domin can ne ƙarfinmu da kuɗinmu suka tafi.

Da damina ta kankama, membobi sun ɗebo tsutsar sauro daga kududdufai da ramukan masu bulo a kewayen Samaru da bakin Kubanni, aka ware dangin Anopheles gambiae, sauron da ke yaɗa zazzaɓin maleriya, aka zuba su a farantai ana ciyar da su da garin abincin kifi. Waɗanda suka yi fiffike ana ba su ruwan sukari a jikin auduga, matan kuwa ba sa yin ƙwai sai sun sha jini.

Hunturu ne ya fi ba mu wahala. Wannan sauro yana buƙatar zafin da ya kai kimanin digiri 27 da laimar iska ta kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, alhali kowa ya san yadda iskar Zariya take bushewa daga Disamba zuwa Fabrairu. Da jiƙaƙƙun tawul a kan keji da kwanukan ruwa a ƙasa aka riƙe ɗakin a kwanakin da wuta ta ɗauke, sannan aka tsoma ƙafafun tebura cikin mai saboda tururuwa. An yi asara, amma irin bai yanke ba, kuma a ganin kwamiti wannan ita ce babbar nasarar bana.

Wasu membobi sun tambayi dalilin da ya sa har yanzu ba a sa wa sauron ƙwayar cutar maleriya ba. Tun 1976 masana biyu, Trager da Jensen, suka nuna yadda ake renon Plasmodium falciparum, wato ƙwayar maleriyar ɗan Adam, a cikin jini, amma matakin ƙwayar da ke shiga hantar ɗan Adam, wanda masu binciken rigakafi suke nema, har yau a jikin sauro aka fi dogara a same shi. Ana shayar da matan sauron jini mai ɗauke da ƙwayar ta wata siririyar leda, a ɗumin digiri 37. Bayan kimanin mako guda a duba tumbinsu da madubin likita, bayan kusan mako biyu a fiɗe jakar yawunsu ɗaya bayan ɗaya. Da hannu kamfanin Sanaria na Amurka yake wannan fiɗa wajen haɗa rigakafinsa. Sauron da ya sha irin wannan jini haɗari ne ga maƙwabta, saboda haka kwamiti ba zai amince a fara ba sai an gina keɓaɓɓen ɗaki mai ƙofa biyu, an kuma sami izinin kwamitin ɗa'ar bincike.

An ƙi shawarar shigo da sauron Anopheles stephensi duk da sauƙin kiwonsa, domin baƙon jinsi ne mai yaɗuwa a birane, kuma tuni aka gano shi a Gombe a 2020. Shawarar farawa da Plasmodium berghei, wato ƙwayar maleriyar ɓeraye, tana nan, sai dai yana buƙatar sanyin digiri 19 zuwa 21, wato ɗaki na daban da na'urar sanyaya iska.

Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi a babban taro, inda za a kaɗa ƙuri'a tsakanin sayen sola da gina keɓaɓɓen ɗakin. Ana roƙon waɗanda ake bi kuɗin shekara su biya kafin ranar.