Rahoton Ayyukan Shekara na Majalisar Zartarwa ta Ƙungiyar Ɗalibai

Assalamu alaikum 'yan uwa ɗalibai. Kamar yadda kundin tsarin mulkin ƙungiyarmu ya tanada, ga bayanin yadda muka riƙe amanar da kuka ɗora mana a wannan shekarar karatu, kafin mu miƙa ragama.

Babu abin da ya ci mana lokaci kamar ɓatan sakamakon jarrabawa. Ɗalibi ya zauna ya rubuta, ya sa hannu a takardar halarta, amma da sakamako ya fito sai ya tarar da gurbin kwas ɗin fayau. Idan bai bi sawu ba, kwas ya zame masa kariyoba, wato sai ya sake ɗaukarsa, jimlar makinsa ta yi ƙasa, ɗan ajin ƙarshe kuwa ya ƙara shekara kan laifin da ba nasa ba. Da muka bi diddigi, mun ga yawanci kuskuren lambar rajista ne, ko makin gwaji da ba a haɗa da na jarrabawa ba, ko kwas da ɗalibi ya rubuta alhali bai yi rajistarsa a intanet ba. Wata 'yar uwarmu ta zo ofis hankali a tashe. Sakataren harkokin ilimi ya zauna da jami'in jarrabawa na sashenta, aka kwance ƙunshin takardu ana dubawa ɗaya bayan ɗaya, sai ga takardarta a cikin na wani sashe, saboda lamba ɗaya da ta rubuta ba daidai ba.

Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne, maki yana tasowa daga malami zuwa sashe, daga sashe zuwa tsangaya, sannan Majalisar Dattawan jami'a ta amince da shi. Da zarar ta amince, gyara sai ya sake bin wannan doguwar hanya. Shi ya sa muka dage a riƙa liƙa sakamakon wucin gadi a allon sanarwa tun yana hannun sashe, a ba ɗalibai 'yan kwanaki su kawo ƙorafi. Wasu sassa sun fara, wasu har yanzu suna jan ƙafa, kuma ba mu ga dalilin hakan ba.

A hostal, an gyara injin rijiyar burtsatse, an kuma sa fitilun sola a hanyar da ke tsakanin laburare da ɓangaren mata, inda duhu ke hana da yawa fita karatun dare. Cunkoson ɗakuna dai yana nan. Gasar ƙwallo tsakanin tsangayoyi, muhawara da makon tarbar sababbin ɗalibai duk sun gudana lafiya.

Lokacin da wa'adin rajista ya kusa cika, an matsa mana mu kira zanga-zanga. Mun fahimci zafin da ake ji, domin akwai waɗanda iyayensu ba su gama haɗa kuɗin ba. Amma idan aka rufe makaranta, su ɗin ne za su fi kowa cutuwa. Muka ɗauki sunaye da hujjoji zuwa ofishin kula da harkokin ɗalibai, aka zauna, aka ƙara wa'adi.

Game da kuɗi, Majalisar Wakilan ɗalibai ce ta amince da kasafi, ba a fitar da komai daga asusu ba sai da sa hannun shugaba da ma'aji. Rasit-rasit suna hannun mai binciken kuɗi, kuma kowane mamba na da damar dubawa.

Abin da ke damunmu ƙwarai shi ne zaman Majalisar Wakilai. An sha ɗage zama saboda adadin da doka ta buƙata bai cika ba, har gyaran kundin tsarin mulki ya kwana. Wakilin da ba ya zuwa zama, sashensa ya bari babu murya. Ku tambayi wakilanku, takardar halartar zama tana ofishin kakaki.

Hukumar zaɓen ƙungiya za ta liƙa ranar fara karɓar fom da sharuɗɗan takara. Mun tattara ƙorafe-ƙorafen sakamakon da ba a warware ba a fayil guda domin shugabanni masu zuwa. Duk wanda nasa bai shiga ba, ya kawo kwafin takardar rajistar kwasa-kwasansa ofishin ƙungiya kafin bikin miƙa mulki.

Sakataren Ƙungiya, a madadin Majalisar Zartarwa